Gyambon Ƙuruciya: Me Ya Sa Wasu Ke Farfaɗowa, Wasu Kuma Ya Bi Su Har Furfura?

A 1985 wani likita mai suna Vincent Felitti yana kula da sashen masu son rage ƙiba a wani asibiti da ke birnin San Diyego na Amurka, sai wani abu ya ɗaure masa kai. Fiye da rabin waɗanda suka fara shirin sukan daina zuwa kafin a gama. Da ya duba takardunsu sai ya tarar da yawa daga cikin masu gudun su ne waɗanda ƙibar ke zubewa yadda ake so. Mutum ya zo neman magani, magani ya fara aiki, shi kuma ya tsere. Likitan ya shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi, kuma ana cikin haka ne ya yi suɓul da baka. Ya yi niyyar tambayar wata mata shekarunta nawa lokacin da ta fara sanin namiji, sai ya tambaye ta nauyinta nawa a lokacin. Ta ce fam 40, kusan kilo 18 ke nan, ta fashe da kuka. Shekararta huɗu a lokacin, kuma mahaifinta ne ya yi mata.

Shi da abokan aikinsa suka ci gaba da yin wannan tambaya har suka zanta da mutum 286, suka gano galibinsu an ci zarafinsu tun suna yara. Ƙibar da likita ke kallo a matsayin cuta, su a wurinsu garkuwa ce da ke kawar da idon mutane daga kansu. Da garkuwar ta fara narkewa sai tsohon tsoro ya dawo.

Daga nan aka haifi binciken da duniya ta fi sani da suna ACE, gajeren sunan Turanci na munanan abubuwan da mutum ya fuskanta yana yaro, wanda Felitti ya yi tare da Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Tsakanin 1995 da 1997 sun tambayi manya fiye da 17,000 abin da suka gani kafin su kai shekara 18. Abubuwa goma aka lissafa: duka, zagi da wulaƙanci, lalata da yaro, rashin kula da cinsa da suturarsa da lafiyarsa, rashin nuna masa ƙauna, ganin ana dukan mahaifiyarsa, zama da mashayi, zama da mai taɓin hankali, rabuwar iyaye, da ɗaure wani ɗan gida a kurkuku. Kowane ɗaya maki ɗaya. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen nan sun ce sun ga aƙalla ɗaya, mutum ɗaya cikin takwas kuma ya ga huɗu ko fiye. Ba a sansanin 'yan gudun hijira aka tattaro su ba. Yawancinsu masu ilimi ne, masu aikin yi da inshorar lafiya, irin mutanen da in ka gan su za ka ce ba su taɓa sanin wahala ba.

Sakamakon farko ya fito a 1998. Yadda makin mutum ke hawa, haka haɗarin rashin lafiyarsa ke hawa, tamkar matakala. Wanda ke da huɗu ko fiye, idan aka gwada shi da wanda ba shi da ko ɗaya, haɗarin ciwon damuwarsa ya ninka fiye da sau huɗu, na shaye-shayen barasa kusan sau bakwai, na yunƙurin kashe kai kusan sau 12. Abin da ya fi girgiza likitoci shi ne bai tsaya a ƙwaƙwalwa ba. Ciwon zuciya da sankara sun ninka kusan sau biyu, ga ciwon huhu da na hanta. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa tambayoyin ta ƙara da maraici, da cin zalin da yara ke yi wa junansu, da tashin hankalin unguwa, da yaƙi, domin jerin farko bai ɗauki duk abin da yaran duniya ke gani ba.

To ta yaya marin da aka sha ana shekara shida zai koma hawan jini ana shekara hamsin?

Akwai wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, aikinsa gadi. Da zarar ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adiranalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya kwarara zuwa hannu da ƙafa, sukari ya hau, narkar da abinci ya dakata, tunani mai zurfi ya ja baya. Mutum ya shirya faɗa ko gudu, in duka biyun sun gagara sai ya daskare wuri ɗaya. Baiwa ce wannan, ita ke sa ka yi tsalle ka kauce wa mota kafin ma ka san ka gan ta. An halicce ta ne don ta tashi ta kwanta. Amma yaron da haɗarinsa ke kwana a gida ɗaya da shi, wanda kowane dare yake kasa kunne ya ji takun ƙafar da za ta gaya masa yau lafiya ko babu lafiya, ƙararrawarsa ba ta samun lokacin yin shiru. Kuma ƙwaƙwalwarsa tana tsakiyar ginuwa ne, don sashen gaban goshi, mai riƙe fushi da auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ginin da aka yi ana girgiza shi, da alamar girgizar zai tashi.

Masu bincike a jami'ar Harvard, ƙarƙashin Jack Shonkoff, sun kasa matsin da yaro ke shiga gida uku. Akwai mai amfani, kamar fargabar ranar farko a makaranta ko ta allurar rigakafi. Akwai mai nauyi amma ana iya ɗauka, kamar rasuwar wani na kusa ko mummunan haɗari. Sai na uku da suka kira mai guba: mai tsanani, mai maimaituwa, mai daɗewa. Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne abin da ya raba na biyu da na uku. Sau da yawa girman musibar ɗaya ne. Bambancin shi ne ko akwai wani babba kusa da zai rungumi yaron har bugun zuciyarsa ya sauka. Ƙaramin yaro bai iya kwantar da kansa da kansa ba, aron nutsuwa yake yi daga babba har ya koyi tasa.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka wannan yaro ke girma. Ya zama magidancin da buga ƙofa da ƙarfi ke sa gabansa ya faɗi. Ta zama matar da ke ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba, wadda ba ta iya ce wa kowa a'a. Wani da an yi masa gyara kaɗan a wurin aiki sai ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Wani ba ya yarda kowa ya matso kusa da zuciyarsa, da ya ga ƙauna ta yi zurfi sai ya nemi dalilin rabuwa kafin a rabu da shi. Wata barci ya ƙaurace mata. Wasu kuma ba su taɓa cewa suna cikin damuwa ba, abin da suke kai wa asibiti shi ne ciwon kai da ba ya jin magani, ƙuna a ƙirji, ciwon ciki, kasalar da gwaji bai nuna dalilinta ba. Mutane kan kira su masu zafin rai, ko masu girman kai, ko ragwaye. Alhali kowace ɗaya daga cikin halayen nan dabara ce da ta taɓa ceton yaro a gidan da ya tashi. Karanta fuskar babba kafin ya yi magana ya hana shi shan duka sau da yawa. Matsalar ita ce haɗarin ya wuce, dabarar ba ta samu labari ba.

A nan dole in tsaya in ja kunne, saboda na ga yadda wannan lissafi ke karya zuciyar mutane. Wani zai ƙirga makinsa ya ga biyar ko shida ya ce shi ke nan, tasa ta ƙare. Ba haka ba ne. Alƙaluman nan na jama'a ne masu yawa, ba sa faɗar makomar mutum ɗaya. Shi kansa Anda ya fito a 2020 ya gargaɗi masu amfani da makin wajen yanke wa mutum ɗaya hukunci. Makin bai san sau nawa abin ya faru ba, bai san tsananinsa ba, bai san shekarun yaron ba. Mafi girma kuma, bai tambayi wa ya tsaya wa yaron ba.

Wannan tambaya wata mata ce ta shafe rayuwarta a kanta. Emmy Werner da abokiyar aikinta Ruth Smith sun bi jarirai 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, suna komawa gare su suna shekara ɗaya, biyu, 10, 18, 32, har 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran an haife su cikin halin da kowa zai ce ba za su kai labari ba: talauci, wahalar haihuwa, gida mai rigima, uba mashayi ko uwa mai taɓin hankali. Kuma gaskiya ne, biyu cikin uku na waɗannan sun shiga matsala, wasu karatu ya gagara, wasu sun faɗa hannun hukuma, wasu sun yi ciki da ƙuruciya. Amma yara 72 daga cikinsu sun tashi lafiya lau, masu riƙon amana, masu iya aiki da zama da mutane.

Da aka bincika me suka samu, ba a tarar da wani abin al'ajabi ba. Kusan kowannensu yana da aƙalla mutum ɗaya da ya riƙe shi da gaske tun yana ƙarami. Sau da yawa ma ba uwa ko uba ba ne: kaka ce, ko yaya, ko gwaggo, ko wani malami da ya lura da shi. Da yawansu an ɗora musu wani aiki daidai ƙarfinsu, kamar kula da ƙane, wanda ya sa suka ji ana buƙatarsu. Sun iya karatu da wuri, suna da wani abu da suke so kuma suka ƙware a kai, da yawa kuma suna da imanin da ya ba wahalarsu ma'ana. Akwai rabon halitta a ciki, don wasu jarirai ne masu fara'a da ke jawo mutane gare su. Sai dai ko wannan fara'ar, amfaninta shi ne ta kawo musu mutum. Ann Masten, wadda ta daɗe tana nazarin wannan fanni, ta kai ga cewa juriya daga abubuwan yau da kullum take fitowa, babu wani sirri a cikinta.

Sashen binciken Werner da ya fi taɓa ni shi ne wanda ba a cika ambata ba. Yaran da suka lalace suna shekara 18, waɗanda aka riga aka cire rai da su, mafi yawansu sun daidaita kafin su kai 40. Wani auren mutumin kirki ne ya juya shi, wata komawa karatu da girma, wani aikin soja, wani shiga jama'ar ibada da ta karɓe shi. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Yaran gidajen marayun Romaniya sun nuna hakan bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceausescu, a 1989: a binciken Michael Rutter, waɗanda iyalai a Ingila suka ɗauka kafin su cika wata shida sun kamo tsararsu kusan a komai, waɗanda suka daɗe a can kuwa da yawa sun girma da tabon. Gaggawa tana da amfani ƙwarai. Amma ɗan Adam ya fi icce, ƙwaƙwalwarsa tana ci gaba da sake saƙa kanta muddin yana numfashi.

Yanzu ga inda nake ganin mun fi yin kuskure. Muna ganin yaron da aka zalunta ya yi shiru, yana zuwa makaranta, yana yin abin da aka sa shi, sai mu ce ai yaro ne, ya manta. Muna ganin babban da bai taɓa ɗaga maganar ba, sai mu yaba masa da haƙuri. Haƙuri abu ne mai daraja, ba na jayayya da wannan. Sai dai haƙurin gaske na wanda ya san abin da ya same shi ne, ya kira shi da sunansa, sannan ya zaɓi yadda zai ɗauke shi. Wanda aka toshe wa baki yana shekara bakwai aka ce kada ya tona asirin gida, bai zaɓi komai ba. Gyambon da aka naɗe ba a wanke ba, ciki yake ci. Har ma an samu shaida a kan wannan: Gene Brody da abokan aikinsa sun bi matasa baƙaƙen fata daga gidajen talakawa a karkarar jihar Jojiya ta Amurka, suka ga waɗanda suka fi daurewa suka yi nasara a karatu, da yawansu jikinsu na nuna alamun gajiya fiye da na tsararsu, hawan jini da yawan sinadaran matsi. A waje sun yi nasara, jiki kuma yana biyan bashin. Don haka idan muka ce wa mutum ya yi juriya muka juya muka tafi, mun ƙara masa kaya ne.

Wayar da kai a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a ganina, daga nan ya kamata ta fara. Ana bikin ranarta kowace 10 ga Oktoba tun 1992, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kusan rabin larurorin nan kuma suna farawa ne kafin shekara 14 ko wajen haka. Amma har yanzu da an ce lafiyar ƙwaƙwalwa, hoton da ke zuwa wa mutane shi ne na wanda ya fita hayyacinsa yana yawo a titi. Saboda tsoron a haɗa shi da wannan hoto, mai ciwon damuwa ko firgici zai gwammace ya mutu da abinsa a ciki. Canjin da ake nema ƙarami ne a baki, babba a aiki: maimakon a tambayi mutum me ke damun kansa, a tambaye shi me ya same shi.

Farfaɗowa kuwa tana da tsari. Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman, wadda a 1992 ta bayyana irin raunin da ke biyo bayan zalunci mai daɗewa, raunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta kasa hanyar mataki uku. Na farko aminci: mutum ya fita daga inda ake cutar da shi, barcinsa ya daidaita, ya rage abin da yake sha don ya manta, ya koyi saukar da jikinsa idan ƙararrawa ta tashi, ko da jan numfashi a hankali ne, ko tafiya a ƙasa, ko addu'a. Na biyu tunawa da makoki, ya ba da labarin a gaban wanda ya amince da shi, ya yi kukan abin da aka ƙwace masa. Na uku komawa cikin mutane. Jerin yana da muhimmanci. Masu kyakkyawar niyya kan matsa wa mutum ya fayyace komai tun bai samu wurin tsayawa ba, sai su fama masa gyambo su bar shi a buɗe. Haka ma maganar yafiya. Mai ciwo ne ke da ikon ta, a lokacin da ya ga dama, kuma yafe wa mutum bai wajabta komawa ƙarƙashin hannunsa ba.

Akwai hanyoyin jinya da aka gwada aka ga suna aiki. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar guda biyu ga masu fama da raunin firgici: jinyar zantawa da ke gyara yadda mutum ke fassara abin da ya same shi, musamman tunanin nan na cewa laifinsa ne, da wata da ake kira EMDR da ake haɗa tuna abin da motsa idanu. Magungunan ciwon damuwa ma suna da wurinsu idan likita ya rubuta, kuma shan su bai fi shan maganin hawan jini zama abin kunya ba. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa kuwa, wannan ba abin jira ba ne, a gaya wa wani a ranar, a tafi asibiti.

Na san abin da mai karatu zai ce: ina likitocin suke? A ƙasashe da dama likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne ga mutum dubu ɗaruruwa, wani wurin ma miliyan. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fuskanci wannan a Zimbabuwe, lokacin da likitocin ƙwaƙwalwan ƙasar gaba ɗaya ba su wuce goma sha wani abu ba. A wajen 2006 ya fara horar da tsofaffin mata a unguwar Mbare ta birnin Harare, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa zai zo ya zauna, kaka ta saurare shi, su zaɓi matsala ɗaya su warware ta tare, zama shida. Ba sa amfani da kalmomin asibiti, kalmar Shona suke faɗa, kufungisisa, wato yawan tunani. Da aka gwada shirin a kan mutum 573 aka wallafa a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi.

Tsoro mafi girma ga wanda ya tashi cikin duka shi ne ranar da zai ji muryar mahaifinsa ta fito daga bakinsa a kan nasa ɗan. Haɗarin yana nan, amma bincike ya nuna mafi yawan waɗanda aka ci zarafinsu ba sa cin zarafin 'ya'yansu. Abin da ya fi bambanta masu tsinke igiyar shi ne sun kalli abin da aka yi musu sun ce ba daidai ba ne, ba su ce ai mu ma haka aka yi mana kuma ga mu mun zama mutane ba. Ba a kuma buƙatar uwa ko uban da ba ya kuskure. Wanda ya daka wa ɗansa tsawa fiye da kima, ya huce, ya dawo ya durƙusa daidai tsawon yaron ya ce na yi fushi fiye da yadda ya kamata, ba laifinka ba ne, ya koya masa abin da shi ba a taɓa koya masa ba, cewa ana ɓatawa a gyara.

A 2019 Christina Bethell da abokan aikinta suka juya tambayar Felitti. Sun tambayi manya fiye da 6,000 a jihar Wiskonsin abubuwan alheri guda bakwai na ƙuruciyarsu: ko suna iya faɗa wa 'yan gida abin da ke ransu, ko gidan ya tsaya musu a lokacin wuya, ko sun ji daɗin shiga harkokin jama'arsu, ko sun ji su 'yan gida ne a makaranta, ko abokai sun tallafe su, ko akwai babba a gida da suka ji aminci a wurinsa, da kuma ko akwai aƙalla manya biyu da ba iyayensu ba waɗanda suka damu da su da gaske. Masu shida ko bakwai, yiwuwar ciwon damuwarsu ta yi ƙasa da kashi 72 cikin ɗari idan aka gwada da masu biyu ko ƙasa da haka, kuma kariyar ta bayyana har a cikin waɗanda makin wahalarsu ya yi yawa.

Wannan tambaya ta ƙarshe, ta manya biyu da ba iyaye ba, ita ce ke hannun kowa, malami ne ko maƙwabciya ko kawu. Idan yaro, ko babban da ya daɗe yana ɗauke da abin, ya zaɓe ka ya fara buɗe baki, yawanci da ɗan guntu zai fara, yana kallon fuskarka ya ga ko za ka iya ɗauka. Kada ka tambaye shi me ya sa bai faɗa tun da wuri ba, kada ka fara kare wanda ya ambata, kada kuma ka yi masa alƙawarin rufe maganar idan yaro ne da har yanzu yake cikin haɗari. Ka ajiye abin da ke hannunka, ka ce masa ka yarda da shi, ka ce ba laifinsa ba ne, sannan ka tambaye shi ko inda zai kwana yau akwai aminci.